Kafin Ku Buɗe Gwangwanin Fenti: Nasiha ga Masu Ƙera Ƙananan Jirage a Ƙofar Kwaya

Ƙannena masu ƙera ƙananan jiragen sama, na Ƙofar Kwaya a Katsina da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, a wajen ƙira ba ni da abin da zan ƙara muku. Yaron da ya iya yanka kwali da reza, ya lanƙwasa shi har tozon Boeing 747 ya fito daidai, ya wuce a tsaya ana nuna masa yadda ake riƙe almakashi. Inda aikinku yake zubewa shi ne ranar fenti. Mutum ya shafe makonni yana awo, yana liƙi, yana goga samfefa, sai a rana ta ƙarshe ya samo ragowar fentin ƙyauren gidansu, ya tsoma buroshi ya lafta. Jiya kowa na cewa saura a ba shi hanya ya tashi, yau ya koma abin wasan ƙanensa. Waɗanda suka fara kallon bidiyon Turawa a waya kuma sun faɗa wani ramin daban: su bi kowane layi na jikin jirgin da baƙi, su barbaɗa jan tsatsa ko'ina, alhali jikin jirgi yawanci alminiyom ne, ba ya yin irin tsatsar da ƙarfen ƙofa ke yi. Da na farko da na biyun, hannunsu ne ya riga idonsu.

Abin da nake so ka riƙe, ɗan ƙanena, kai da 'yar'uwarka idan ita ma tana harkar, shi ne duk duhu ko hasken da za ka ɗora wa jirgi sai ya zama yana da dalili. Rana ce ta ci wurin? Mai ne ya tsiyaya? Hayaƙi ne, ko takalmin makanike? Idan wani ya nuna wani baƙi a fiffike ya ce "wannan fa?", ka rasa amsa, to bai kamata baƙin ya kasance a wurin ba.

Makarantar farko ba a biyan ko sisi. Ka fita ta Ƙofar Kwaya ka bi hanyar Dutsin-Ma, wadda ta wuce ta wajen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ka tsaya ka ƙare wa motocin da suka daɗe suna shan rana kallo. Fenti ɗaya aka fesa wa motar nan daga kamfani, amma dubi rufinta, dubi gefenta: rufin ya fi koɗewa, don shi rana ta fi duka. Dubi ƙasan murfin tanki, inda gas ya gangara ya kama ƙura. Dubi bakin salansa. Dubi inda yaran mota ke dafawa kullum su hau, wurin har sheƙi yake, fentin ya sile. Jar ƙasa kuwa a ƙasan mota take taruwa, tana raguwa yayin da kake ɗago ido. Haka jirgi yake, sai bambanci ɗaya da ya kamata ka sa a ranka: tabon mai a jikin mota ƙasa yake gangarawa, amma a jikin jirgi iska ce ke jan sa baya, daga hanci zuwa wutsiya. Wanda ruwan sama ya bari lokacin da jirgin ke ajiye, shi ne ke sauka ƙasa.

Shi kansa jirgin, a hotunan da aka riga aka wallafa za ka yi nazarinsa. Kada son gani ya kai ka bakin shingen filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'aduwa ko wani sansanin soja kana ɗaga waya. A yanayin tsaron da jiharmu take ciki, ba wanda zai tsaya sauraron bayanin cewa fenti kake koyo.

Akwai ɗan lissafi da ba ya kaucuwa. Masu wannan sana'a a duniya suna aiki da ma'auni, irin su 1:72 da 1:48 da 1:144. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirginsa na roba na farko, Spitfire, a kan 1:72 tun a shekarun 1950, kuma har yau shi ne ma'aunin da ya fi yawa. Boeing 747-400, irin wanda Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya yi ta jigilar alhazanmu da shi, ya ɗan haura mita 70 a tsawo. A kan 1:144 sai ya dawo kusan santimita 49. To ga inda lissafin ya shafi fenti. Idan ka ajiye jirgi mai ma'aunin 1:72 tazarar mita ɗaya daga idonka, daidai yake da kallon na gaske daga mita 72. Tsakaninka da abin da ke mita 72 akwai iska, akwai ƙura, kuma duk ɗan Katsina ya san yadda hazon hunturu ke dusashe launin gini idan ka hango shi daga nesa. Shi ya sa ake sassauta launi: a ɗiga masa fari ko ruwan toka mai haske, kusan kashi ɗaya cikin goma, tayoyi ma ba a yi musu baƙi wuluk sai toka mai duhu. Sannan mahaɗar fallayen jikin jirgi, a ce faɗinta milimita 2 ne, idan ka raba da 72 ba ta kai kaurin silin gashi ba. Wanda ya zana ta da baƙar maka mai kauri, rami ya zana wanda hannun mutum zai shige.

Yanzu ga kayan aiki. Alƙalamin feshi ƙanen bindigar fentin da kuke gani a hannun masu fentin mota ne, sai dai shi riƙon biro ake yi masa. Wani Ba'amurke, Abner Peeler, ya ƙirƙiro shi wajen 1879, masu gyaran hoto ne kuma suka fara cin moriyarsa. A cikinsa akwai doguwar allura da ke toshe wani ɗan siririn baki, mai faɗin milimita 0.2 zuwa 0.5. Mai kyaun shi ne wanda kunamarsa ke aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya allura ta janye fenti ya biyo. Iwata na Japan da Badger na Amurka da Harder & Steenbeck na Jamus su ne manya, kuɗinsu ma babba ne. Ba da su ake fara koyo ba. Na China mai bakin 0.3, irin wanda masu kwalliyar amare da masu adon kek suke saye, ya ishe ka shekaru idan kana wanke shi. Akwai ma mai ɗan kwamfireso na caji a gindinsa, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta, ko da yake iskarsa ba ta da ƙarfi sosai.

Iskar da kake buƙata ba ta da yawa: PSI 15 zuwa 20 a agogo, alhali tayar ƙaramar mota na shan 30 zuwa 35. Don haka tun da can masu ƙaramin ƙarfi a Turai da safayar taya suke aiki. Mai faci ya cika maka, ka haɗa tiyo da abin daidaita iska, ka yi feshin 'yan mintuna. Wasu na haɗa kwamfireson tsohon firji da tanki. Yana aiki, ba ya kuma ƙara, amma kada ka haɗa shi kai kaɗai: tanki marar bawul ɗin sakin iska yana iya fashewa, kuma irin wannan inji na tofo mai, sai an sa masa matata. Wanda ba shi da ko ɗaya kuma kada ya zauna jira. Guntun soso da aka tsoma a fenti aka matse, a riƙa dangwalawa a hankali, yana ba da laushin launi fiye da buroshi nesa ba kusa ba.

Kafin fenti ya taɓa jirgi, ka san abin da ka ƙera shi da shi. Farin soson nan mai marmashewa da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin, tinar masu fentin mota da fentin gwangwani na feshi suna narkar da shi nan take, kana kallo fiffike zai lotse. Kwali kuma shanye fenti yake, ya tashi da gashi. Maganin duka biyun ɗaya ne: farin gam na kafinta, a sirka shi da ruwa, a shafa sau biyu ko uku, ana bari ya bushe ana bi da samfefa mai laushi. Bayan nan sai fentin shimfiɗa, ruwan toka mai haske. Wannan shimfiɗar ita ce mai tona asiri. Duk inda gam ya yi tudu ko haɗi bai zauna ba, za ta nuna maka. Ka gyara a lokacin, don fentin feshi siriri ne, ba ya rufa wa kowa asiri.

Haɗin fenti shi ne inda yawancin masu koyo ke zargin alƙalami ba da laifinsa ba. Ka nemi fentin ruwa, akirilik, ko na masu zane ne na cikin tub. Ka sirka shi har ya koma kamar madarar shanu sabuwar tatsa: idan ka shafa ɗigo a jikin kofi ya gangara da kansa, ya bar ɗan launi a baya. Ka tace shi da ƙyalle mai ƙananan ido, don gudan da idonka bai gani ba ya isa ya toshe bakin 0.3.

A nan ne kuma bidiyon Turawa zai yaudare ka, don mai bidiyon yana cikin ɗaki mai sanyi da laima, kai kuwa kana Katsina. A hunturu iska ta bushe ƙayau. Fenti na barin bakin alƙalami sai ya bushe a hanya, ya sauka a jikin jirgi a matsayin gari, ka shafa ka ji kaushi. Kan allurar ma yana daskarewa bayan ɗan lokaci kaɗan, feshi ya fara tsarto. Abin yi shi ne ka ƙara sirki, ka rage iska, ka matso kusa, kamar santimita 6 zuwa 10 maimakon 15, ka kuma ajiye auduga mai danshi a gefe kana share kan allura. Ɗigon gilisarin na kemis a cikin haɗin yana jinkirta bushewa, amma ɗigo, ba cokali ba. Sai ƙura. Roba idan an goge ta da busasshen ƙyalle a wannan yanayi janyo ƙura take, don haka da mai ɗan danshi za ka share. Ka yayyafa ruwa a ƙasan inda za ka yi aiki, ka fara da sassafe kafin iska ta tashi, da zarar ka gama kuma ka kife kwali mai tsabta a kan jirgin. A bazara, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, da tsakar rana ba lokacin feshi ba ne sam. Damina kuma tata matsalar daban: laimar watan Agusta na taruwa a tanki da tiyo, kana tsakiyar aiki sai alƙalami ya tofa ruwa a kan fiffiken da ka gama. Ka riƙa zubar da ruwan tanki, ka sa matarar ruwa a kan tiyo, kada kuma ka fesa ruwan ƙyalli na rufe fenti ranar da hadari ya haɗo, don yakan yi fari-fari.

Hannu kuwa doka ɗaya gare shi: iska ce farko, iska ce ƙarshe. Ka danna iska a gefen jirgi, ka ja kunama hannunka na tafiya, ka wuce ƙarshen fiffike, ka saki fenti, sannan ka saki iska. Da ka tsaya wuri ɗaya fenti zai taru, iska ta watsa shi ya yi ƙafafu ta ko'ina. Ka tara robobin ruwa da aka yar ka koya a kansu, ɗigo da layi da gajimare, har yatsanka ya san inda fenti ke fara fitowa ba tare da ka duba ba. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri.

Inuwa iri-iri ce, kuma ina da ra'ayi a kansu. Wadda aka fi yayatawa ita ce ta ƙarƙashi: a kan shimfiɗa mai haske, ka bi mahaɗar fallaye da siririn feshi mai duhu, sannan ka rufe da launin jirgin sama-sama yadda duhun zai riƙa leƙowa. Tana da sauƙi, tana kuma aiki a ƙarƙashin fari da toka mai haske. Amma a ƙarƙashin kore mai duhu ɓacewa take, kuma idan aka bi kowane layi da ita sai jirgi ya fito gida-gida, kowane falle da bakin iyakarsa. Rana ba ta bin layi idan za ta ci fenti. Ni na fi son a yi shimfiɗa mai duhu gaba ɗaya, sannan a rage iska, a matso kusa sosai, a riƙa yawo da launin jirgin cikin ƙananan gajimare marasa tsari, wani wuri ya cika, wani wuri duhu na leƙe. A wannan matakin jirgin muni yake yi, kada ka tsorata. Sai ka sirka launin sosai, fenti ɗaya ruwa uku, ka lulluɓe duka a hankali, kana tsayawa kana ja da baya kana kallo. Lokacin da ka ga dabbare-dabbaren ya kusa ɓacewa amma bai ɓace ba, ka ajiye alƙalami. Ba agogon da zai faɗa maka wannan lokacin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bayan nan sai koɗewar rana. Ka ɗebi launin jirgin ka haskaka shi kaɗan, ka fesa a inda rana ke duka kawai: doron jirgi, saman fukafukai, saman wutsiya. Ciki ba ya koɗewa. Ka lura da abin da kake haskakawa da shi. Fari a cikin kore yana mayar da shi fatau, gara rawaya ko ruwan ƙasa mai haske. Fari a cikin ja kuwa ruwan hoda zai ba ka.

Farin jirgin fasinja, wanda na ga yawancinku shi kuka fi so saboda jirgin alhazai, shi ya fi kowanne wuya, don babu inda za ka ɓuya. Ka shimfiɗa toka mai haske, ka ɗora fari sannu-sannu, ka bar tokar ta ɗan leƙo a ƙarƙashin ciki, a inda fiffike ya haɗu da jiki, da ƙasan injuna. Shi ke nan. Irin wannan jirgi wanke shi ake yi, kamfani ba ya barin sa da dauɗa. 'Yan siraran tabon mai a bayan fukafukai, ɗan duhu a ƙarshen wutsiya inda ƙaramin injin baya ke fitar da hayaƙi, baƙin birki a ƙafafu, sun wadatar.

Jirgin yaƙi ya fi ba da fili. Ɗauki A-29 Super Tucano na kamfanin Embraer, wanda rundunar sojan sama ta ƙasarmu ta fara karɓa a 2021, guda 12. Salansarsa biyu ne, ɗaya a kowane gefen hanci, hayaƙinsu kuma yana shafar jikin jirgin ya nufi baya. Ka haɗa baƙi da ruwan ƙasa, ka sirka har ya kusa zama ruwa, fenti ɗaya sirki tara, ka fara daga bakin salansa kana ja baya kana ɗaga hannu, sau da yawa, har ya taru da kansa. Marar alƙalami ya kankare gawayi da allin launi, ya shafa da auduga. Wani lokaci ma ya fi kyau. Ƙurar tayoyi kuwa ba sai an sayo ba: ƙasar ƙofar gidanku, a daka a tankaɗe. Silewar fenti da fensir mai ruwan azurfa ake yi, ɗigo-ɗigo, a inda matuƙi ke takawa da gefen murafun da makanikai ke buɗewa kullum.

Game da layukan fallaye, idan jirgin roba ne mai layi a sassaƙe, ka fara rufe shi da ruwan ƙyalli marar launi, ka liƙa sitikunka a kan ƙyallin don kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari. Sannan ka sirka fentin mai ya zama ruwa, ka taɓa kan buroshi a layi, zai bi da kansa. Bayan ɗan lokaci ka share abin da ya fita, kana jan audugar daga gaba zuwa baya. Sirrin shi ne na sama da na ƙasa kada su zama jinsi ɗaya: na mai a kan na ruwa, don abin da ke narkar da wannan kada ya taɓa wancan. A jirgin kwali babu rami, don haka fensir mai tsini da rula sun isa, kuma tokar fensir ta fi baƙar maka kusa da gaskiya. Rufin ƙarshe, mai ƙyalli ga jirgin fasinja, marar ƙyalli ga na soja. Gilashin matuƙi ya zauna a rufe da tef ɗin takarda har sai an gama wannan, in ba haka ba zai dushe.

Maganar ƙirjinka ba ta wasa ba ce. Abin da alƙalami ke fesawa ba duka ke sauka a jirgi ba, saura a huhunka yake sauka. Fentin mota mai haɗin hadina yana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, wani lokaci ta har abada. Kada ka karɓi ragowarsa ko kyauta aka ba ka. Takunkumin ƙyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare tururin tina. Ka yi aiki a inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da janareto, ba a ɗakin da kuke kwana ba, ka kuma kulle tina da gam inda ƙannenka ba za su kai ba. Mun ga abin da shaƙar sholisho ta yi wa yaran unguwanni. Da ka gama kuma, kafin ka tashi ko da shan ruwa ne, ka wanke alƙalami: ka fesa ruwa har ya fito garau, ka zare allura ka share ta. Tsininta ko ɗan lanƙwasa ya yi, feshi ya karkace ke nan.

Idan kuna neman aikin da za ku gwada duk wannan a kansa, ga wanda ban taɓa gani a hannun ɗayanku ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira. Su ne jiragen farko da suka sauka a ƙasar nan. Fukafukansu hawa biyu ne, na katako da aka lulluɓe da yadi, wato kusan abin da kuke yi da kara da takarda. A zamanin ana shafe yadin irin waɗannan jirage da fenti mai garin alminiyom don kare shi daga rana, shi ya sa suke ruwan azurfa, amma azurfa marar sheƙi, don haka ka ɗiga toka mai haske a cikin haɗinka. Inuwarsu kuma a haƙarƙarin fiffike take, don yadin yana ɗan lotsawa tsakanin katako da katako. Ka fesa azurfarka, ka yanka tef siri-siri ka liƙa a kan kowane haƙarƙari, ka wuce da toka mai ruwa-ruwa sau ɗaya, sannan ka ɓare tef ɗin. Idan layukan sun yi ƙarfi, ka lulluɓe da azurfar da aka sirka. Saman fiffiken ƙasa ya ɗan fi duhu, don na sama yana yi masa rumfa, kuma jirgin da ya keto Sudan da Chadi yana sauka a filin ƙasa ya cancanci ƙura a tayoyi da ƙarƙashin wutsiya fiye da kowane jirgin alhazai.